Asiran da ke Ɓoye Cikin Wasannin Bidiyo na Da: Darasi Kan Ƙwaƙwalwar Na'ura da Hanyar Bincike

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birni cikin shekarun 1990, da wuya a ce bai taɓa ganin 'yar na'urar wasan nan da ake jona wa talabijin ba, wadda ake cusa mata kaset, yara su kewaye ta kowa yana jiran layi ya zo kansa. A irin wannan zama ba a rasa mai ba da labarin asiri. Wannan ya ce ya san wata ƙofa da ba a gani, wancan ya ce an koya masa yadda zai danna maɓallai ya sami rai talatin. Wasu daga cikin labaran gaskiya ne, wasu kuwa shaci-faɗi ne kurum.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibai da malamansu cewa waɗannan asirai sun kasu kashi uku. Akwai waɗanda masu tsara wasan suka ɓoye da gangan. Akwai waɗanda ƙarancin ƙwaƙwalwar na'ura ya haifar ba tare da kowa ya yi niyya ba. Sa'an nan akwai waɗanda bakin mutane ya ƙaga. Wanda ya iya rarrabe ukun nan ya fahimci yadda kwamfuta take ƙirga, ya kuma koyi yadda ake tantance magana kafin a yarda da ita, wanda shi ne tushen kimiyya baki ɗaya.

Ƙwaƙwalwa 'yar mitsitsiya

Kafin mu shiga cikin labaran, ya kamata mu san ma'aunin da ake auna ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi. Mafi ƙanƙantar abin da na'ura take riƙewa shi ake kira bit, kuma ana iya kwatanta shi da makunnin fitila: ko dai a kunne yake, wato 1, ko a kashe, wato 0. Idan aka jera bit takwas sai a sami bayit guda. Tun da kowane bit hali biyu gare shi, bayit guda yana iya ɗaukar fasali 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 256. Da yake na'ura daga sifili take fara ƙirga, bayit guda yana riƙe lambobi daga 0 zuwa 255 ke nan. Mai karatu ya riƙe wannan lamba ta 255 da kyau, domin za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Na'urar Atari 2600, wadda ta fito a Amurka a 1977, bayit 128 kacal ne ƙwaƙwalwarta ta aiki. Kaset ɗinta kuwa a farkon lamari bayit 2,048 ko 4,096 yake ɗauka. Idan aka ba kowane harafi bayit guda, to, bayit 4,096 ba zai ɗauki ko rabin wannan maƙala ba. Wasan Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a 1985, gaba ɗayansa bai wuce bayit dubu 40 da 'yan kai ba. Saboda wannan matsi ne masu tsara shi suka yi amfani da zane guda wajen gajimare da kuma 'yan bishiyoyin da ke ƙasa. Launi kawai suka sauya, na sama fari, na ƙasa kore. Miliyoyin yara sun yi shekaru suna kallon allon ba su lura ba.

Kashi na farko: abin da aka ɓoye da gangan

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari ba ya sa sunan wanda ya tsara wasa a jikin kwali ko a cikin wasan. Mutum guda ne yake yin aikin duka, tun daga zane har zuwa sauti, amma mai saye bai san da zamansa ba. Wannan al'amari ya ɓata wa ma'aikata rai ƙwarai, har ta kai wasu huɗu daga cikinsu suka fice a 1979 suka kafa kamfanin Activision. Wani ma'aikaci mai suna Warren Robinett kuwa sai ya ɓullo wa lamarin ta wata hanya dabam.

A lokacin yana tsara wani wasa mai suna Adventure, inda mai wasa yake yawo tsakanin gidajen sarauta yana neman wani kofi, dodanni uku suna farautarsa. A cikin wani lungu na baƙin gidan sarauta, Robinett ya ajiye wani ɗigo guda mai launin toka, wanda ya saje da launin daɓen wurin. Wanda ya tsinci ɗigon, ya kai shi wani bango da ke kusa da gidan sarauta mai ruwan zinariya, ya tara wasu kayayyaki a wurin, sai bangon ya ba shi hanya. A bayansa akwai ɗaki wanda ba kome cikinsa sai rubutu mai walƙiya da ke cewa Warren Robinett ne ya ƙirƙiri wannan wasa. Bai gaya wa kowa ba, kuma kafin asirin ya tonu ya riga ya bar kamfanin.

Wasan ya fito kasuwa a 1980, kuma a shekarar ne wani yaro ɗan shekara 15 daga birnin Salt Lake ya rubuta wa kamfanin wasiƙa yana bayyana abin da ya gano. Da shugabanni suka lissafa kuɗin da gyaran zai ci, sai suka ga gara a bar shi. Wani jami'in kamfanin mai suna Steve Wright ya ba da shawarar a riƙa sa irin wannan a wasannin gaba, ya kuma kwatanta shi da al'adar Turawa ta ɓoye ƙwai masu launi domin yara su nema a bikin Ista. Daga nan ne aka sami sunan ƙwan Ista, wanda har yau ake kiran irin wannan ɓoyayyen saƙo da shi. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa akwai waɗanda suka riga Robinett. Alal misali, a 2017 aka gano wata gaisuwa da wani injiniya ya ɓoye a wasan Starship 1 tun 1977, wato shekara 40 tana kwance ba a san da ita ba.

Misali na biyu daga Japan yake. A 1986 Kazuhisa Hashimoto, ma'aikacin kamfanin Konami, yana aikin mayar da wasan Gradius zuwa na'urar gida ta Nintendo. Wasan ya yi masa wuya, alhali kuwa dole ne ya bi shi har ƙarshe domin ya gwada aikinsa. Sai ya shirya wa kansa wata gajeriyar hanya: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Da ya danna waɗannan a jere sai jirginsa ya sami makamai. Aka fitar da wasan ba a cire wannan makulli ba. Da wasan Contra ya fito a Amurka a 1988, wannan jeri ya riƙa mayar da ran mai wasa daga 3 zuwa 30, sai ya zama abin da kusan kowane yaro ya haddace. Hashimoto ya rasu a 2020.

A nan akwai lissafi mai daɗi. Shin yaro zai iya dacewa da wannan jeri ta hanyar cinke? Maɓallan da ke ciki shida ne, dannawa kuma sau goma. Yawan jerin da zai yiwu shi ne 6 a ninka da kanta sau goma, wato 60,466,176. Idan kowane gwaji yana cin daƙiƙa 5, to, gwada su duka zai ɗauki fiye da shekara 9 ba barci ba hutu. Wannan ya nuna mana cewa irin wannan asiri ta hanyar mujallu da bakin abokai ya yaɗu. Mujallar Nintendo Power, wadda aka fara bugawa a 1988, tana da shafi na musamman domin irin waɗannan bayanai.

Kashi na biyu: abin da iyakar na'ura ta haifar

Mai karatu ya dubi agogon da ke ƙirga tafiyar tsohuwar mota. Idan gurabensa biyar ne, to, in ya kai 99,999 aka ƙara kilomita guda, sai ya koma 00,000, kamar motar ba ta taɓa tafiya ba. Haka bayit yake. Lambar 255 a harshen na'ura ita ce 11111111. In an ƙara 1 sai ta zama 100000000, wato gurbi tara. Da yake gurbi takwas ne kawai ake da su, sai na taran ya zube, a bar 00000000. Wannan shi ake kira ambaliyar lamba, kamar yadda hatsi yake zuba idan mudu ya cika.

Wasan Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya jagoranci tsarawa a kamfanin Namco a 1980, ba a yi masa ƙarshe ba. Nufin masu shi shi ne a yi ta maimaita matakai har mai wasa ya gaza. A ƙasan allo ana zana 'ya'yan itatuwa masu nuna matakin da aka kai, kuma ba sa wuce bakwai. To, lambar matakin a cikin bayit guda aka ajiye ta. Da ƙwararrun 'yan wasa suka kai mataki na 256, sai lambar ta yi ambaliya ta koma sifili. Umarnin da ke zana 'ya'yan itatuwan yana aiki ne kamar haka: zana guda, rage ɗaya daga ƙirga, in ƙirgar ta kai sifili ka tsaya. Da ya fara daga 0 ya rage 1, sai ya tsinci kansa a 255, saboda ambaliyar tana aiki ta baya kamar yadda take aiki ta gaba. Sai ya yi ta zane har sau 256, yana kwaso bayanan da ba na 'ya'yan itace ba yana zuba su a kan allo. Sakamakon haka rabin allon na dama ya cika da tarkacen haruffa da lambobi. Ana bukatar cin ɗigo 244 kafin a wuce mataki, waɗanda suka rage kuwa ba su kai haka ba. Saboda haka wasan da aka so ya zama marar iyaka ya sami iyaka, kuma makin ƙoli da za a iya samu a cikinsa shi ne 3,333,360.

Wasan Donkey Kong na 1981 ma haka ya faru da shi, sai dai tun a mataki na 22. Na'urar tana lissafa lokacin da za ta ba mai wasa ne ta ƙara 4 a kan lambar matakin, sa'an nan ta ninka da 10. A mataki na 21 amsar ita ce 250, wadda bayit guda zai iya riƙewa. A mataki na 22 kuwa amsar 260 ce. In aka cire 256 sai a bar 4. Wannan ɗan lokaci ba ya isar kowa, duk gwanintarsa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi Mario yake faɗuwa matacce ba tare da wani abu ya taɓa shi ba.

Wani lokaci kuma gazawar na'ura takan zama alheri. A wasan Space Invaders na 1978, mahara 55 ne suke saukowa a jere. Mai tsara shi, Tomohiro Nishikado, ya lura cewa duk sa'ad da aka rage yawansu sai sauran su ƙara sauri, domin aikin da ke kan na'urar ya ragu. Ya ga hakan yana ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi yadda yake.

Kashi na uku: abin da baki ya ƙaga

Tun da aka tabbatar cewa akwai asirai na gaskiya, sai masoya wasanni suka zama masu saurin yarda da kowane labari. A wasan faɗa na Street Fighter II, wanda ya fito a 1991, akwai wata jimla da ɗan wasan nan Ryu yake faɗa in ya yi nasara, inda yake ambatar Sheng Long. Asalin kalmar sunan wani naushi ne nasa, amma kuskuren fassara daga Japananci zuwa Ingilishi ya sa aka zaci sunan mutum ne. A fitowarta ta watan Afrilu 1992, mujallar Electronic Gaming Monthly ta Amurka ta buga cewa za a iya haɗuwa da wannan gwarzo, muddin mai wasa ya kai ƙarshe ba a taɓa shi ba, ya kuma yi canjaras sau goma da abokin gaba na ƙarshe. Zolaya ce irin ta ranar ɗaya ga Afrilu, amma mujallun wasu ƙasashe suka kwafa suka buga a matsayin gaskiya. A lura da dabarar: an gindaya sharaɗi mai tsananin wuya, ta yadda duk wanda ya gwada bai ga kome ba, kansa zai zarga. Maganar da ba a iya gwada ta cikin sauƙi ta fi kowace daɗewa a bakin mutane.

Akwai kuma labarin da rabinsa gaskiya ne. A wasan Pokémon na farko, na 1996, an sanar da halittu 150, amma wani mai tsarawa, Shigeki Morimoto, ya cusa ta 151 mai suna Mew a cikin ɗan gurbin da ya rage gab da kammala aiki. Da labarinta ya fito, sai yara a ƙasashe da dama suka riƙa cewa tana ƙarƙashin wata mota da ke ajiye a gefen tashar jirgin ruwa ta cikin wasan. Motar tana nan, Mew ma tana cikin kaset ɗin, amma babu abin da ya haɗa su. Waɗanda suka karanta umarnin wasan dalla-dalla daga baya sun tabbatar cewa motar ado ce kawai.

Labarin da ya fi dacewa ɗalibin kimiyya ya yi hattara da shi shi ne na wasan Civilization na 1991. An yaɗa cewa shugaban Indiya na cikin wasan, Gandhi, an ba shi makin faɗa 1, kuma idan ƙasarsa ta rungumi dimokuraɗiyya sai a rage 2, lambar ta yi ambaliya ta koma 255, ya zama mafi son yaƙi a duniya. Bayanin ya yi daidai da abin da muka koya a sama, shi ya sa har masana kwamfuta suka riƙa kawo shi misali. Amma a 2020 mai wasan, Sid Meier, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa cewa babu wannan kuskure a cikin wasan. Ashe magana tana iya dacewa da ƙa'idar kimiyya, ta kuma kasance ba ta faru ba.

Wani labarin kuwa da mutane da yawa suka ɗauka tatsuniya ce, sai ya tabbata. An daɗe ana cewa a 1983 kamfanin Atari ya binne kaset ɗin da suka yi kwantai, musamman na wasan E.T., a wata bola da ke garin Alamogordo cikin jihar New Mexico. A watan Afrilu 2014 aka haƙa wurin a gaban jama'a, aka tono kaset kusan 1,300. Tsohon ma'aikacin da ya kula da binnewar ya ce kimanin 728,000 aka zuba, kuma na wasanni iri-iri ne. Haƙan ya tabbatar da tushen labarin, ya kuma rage ƙarin gishirin da aka yi masa na cewa miliyoyin E.T. ne zalla.

Abin ya wuce wasa

Kada mai karatu ya zaci ambaliyar lamba matsalar 'yan wasa ce kaɗai. Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba rokar Turai mai suna Ariane 5 a karon farko daga Kourou, a yankin Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu. Kimanin daƙiƙa 40 da tashinta ta kauce hanya ta tarwatse. Kwamitin bincike ya gano cewa an yi ƙoƙarin cusa wata lamba mai alaƙa da gudun rokar cikin gurbi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar fiye da 32,767. Umarnin an gaje shi ne daga tsohuwar roka Ariane 4, wadda lambarta ba ta taɓa kai haka ba. Kuskuren ɗan'uwan na Pac-Man ne: an ɗauka cewa ba za a taɓa kai iyakar ba.

Akwai kuma wata da ke tafe. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun 1 ga Janairu 1970. Waɗanda suke ajiye wannan ƙirga a gurbi mai bit 32 za su cika a kan 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairu 2038. Injiniyoyi sun daɗe suna mayar da na'urori zuwa bit 64 domin kauce wa wannan, kuma ɗaliban da ke aji a yau suna cikin waɗanda za su tarar da ragowar aikin.

Abin gwadawa a aji

Malami yana iya nuna ambaliyar lamba ba tare da kwamfuta ko wutar lantarki ba. A jera ɗalibai huɗu a kan benci suna fuskantar aji. Zama shi ne 0, tsayuwa kuwa 1. Duk sa'ad da malami ya tafa, ɗalibin da ke ƙarshen dama ya sauya halinsa, in yana zaune ya miƙe, in yana tsaye ya zauna. Duk wanda ya zauna kuma sai ya taɓa na kusa da shi ta ɓangaren hagu, shi ma ya sauya. A tafi na 15 za a ga dukansu a tsaye. A na 16 kuwa duk za su zauna, na ƙarshe ya miƙa hannu bai sami wanda zai taɓa ba. Bayan haka a tambayi aji: in da ɗaliban takwas ne, tafi nawa za a yi kafin su zauna gaba ɗaya? Idan aka tara 200 da 100 a cikin bayit guda, wace lamba za ta fito?

Kammalawa

Masoya wasannin da suka warware waɗannan asirai sun bi matakan da aka sani ne a ɗakin gwaje-gwaje. Sun lura da wani baƙon abu, sun yi hasashen dalilinsa, sun maimaita gwaji, sun rubuta matakan domin wani ya bi ya ga ko zai sami abin da suka samu. Inda gwaji ya gaza sun koma ga asalin umarnin da ke cikin kaset sun karanta, ko sun tambayi wanda ya tsara, ko sun ɗauko shebur sun haƙa. Saboda haka idan aka kawo wa ɗalibi wani labari mai ban mamaki, na wasa ne ko na magani ko na sararin samaniya, ya yi tambaya uku: wa ya gani da idonsa, ta yaya zan gwada, kuma wane sakamako ne zai nuna mini cewa maganar ba haka take ba? Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.